Jitarmu Ni da Tanko

Tun da na dawo daga Riyad bakina bai huta ba. Duk wanda ya leƙo shagona, ko da tsirkiya ɗaya ya zo saya, sai ya ja benci ya zauna ya ce, "To Malam Audu, yaya garin?" In na fara ba da labari wani ya shigo a tsakiya, a ce in koma farko. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, duk wanda ya tambaya in miƙa masa.

Ga wanda bai san ni ba, sana'ata saye da sayar da tsofaffin jitoci ce, irin na katako waɗanda ba a sa musu lantarki. A nan Jos nake yi, shekara talatin da wani abu. Ina bin coci-coci da tsofaffin otal da gidajen da Turawan haƙar kuza suka bari, in sayo wadda ta tsage ko wuyanta ya lanƙwashe, in gyara, in jira mai rabo. Amma kafin in zama ɗan kasuwa makaɗi ne ni. Mu biyu ne, ni da abokina Tanko, muna kiɗa ranar Asabar a lambun wani otal. Mun haɗa ƙarfi mun sayi jita ɗaya ƙirar Amurka a hannun wani tsohon injiniya Bature da zai koma ƙasarsu. Ni na san katako, shi kuwa Allah ya ba shi hannu. In ya taɓa ta, har masu kai abinci sai su tsaya da faranti a hannu. Wata rana wani mashayi ya faɗo mata ya huda gefenta, na yanko ɓarin ƙwarya na toshe wurin na goge, sautinta bai canza ba.

Da Tanko ya samu aikin direba a Saudiyya, a tasha na miƙa masa ita. Na ce ya tafi da ita, a hannunsa take magana. Ya ce shekara biyu zai yi. Wasiƙu suka yi ta zuwa, sannan kaset ɗaya, sannan shiru.

'Yata Rakiya ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a Riyad, mijinta Nura injiniya. Ita ta aiko mini da bizar ziyara. A waya ta ce, "Baba, na je suna gidan wasu 'yan Najeriya, an ce akwai wani dattijo Tanko mutumin Jos a kasuwar kayan miya. Na karɓo lambarsa." Ban iya cin abinci sosai ba ranar.

Daga Jos na hau motar haya zuwa Kano da safe. A dajin Falgore taya ta fashe, direba ya ciro safaya, ita ma ba iska. Muka zauna bakin titi wajen awa biyu, wata mata 'yar kasuwa ta kwance ƙullin gyaɗa ta raba mana. Ni dai ina rungume da jakar kayan aikina. A cikinta akwai ɗan madubi mai hannu irin na likitan haƙori da nake leƙa cikin jita da shi, da ƙananan magagari biyu, da naɗin tsirkiya masu yawa. A filin jirgin Kano wasu mata suka yi ta bi na da ƙulle-ƙulle, wannan ta ce in kai wa ɗanta kuka, waccan ta ce daddawa ce kawai. Rakiya ta riga ta ja mini kunne cewa ko allura kada in karɓa. Na yi ta ba su haƙuri ina jin kunya, don a tarbiyyarmu ba a hana saƙo.

Mun yada zango a Alƙahira, muka yi zaman jira har ƙafata ta kumbura, sannan muka tashi zuwa Riyad. A wurin duba fasfo aka fara wasan. Akwai na'urar da ke ɗaukar zanen yatsu, na ɗora hannuna ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Yatsuna na hagu duk kanta ce, na dama kuma gam da samfefa sun cinye zanensu. Jami'in ya dubi hannuna ya dube ni, ya tambayi aikina. Nura ya koya mini amsar tun ta waya, na ce najjar, wato kafinta. Ba ƙarya na yi ba, ai da katako nake ci. Layi ya yi tsawo a bayana, mutane suna tsaki da harsuna iri-iri. Daga baya ya nuna mini in goga yatsuna a goshi. Zufar tsoro ce ta cece ni, na goga na ɗora, na'ura ta karɓa.

Mai duba kaya saurayi ne. Ya zaro naɗin tsirkiya ya ɗaga sama, gabana ya faɗi, don na ji labarin yadda ake kallon kayan kiɗa a ƙasar. Ya waiga hagu da dama, ya ɗora hannu a cikinsa ya ɗan kaɗa yatsu kamar mai jita, ya yi murmushi ya mayar mini. A lokacin mata ba su fara tuƙi ba, ana dai ta maganar, kuma abubuwa sun fara sassautawa, amma kowa a hankali yake takawa.

Gidan su Rakiya a unguwar Suwaidi yake, hawa na biyu. Ɗaki mai kyau suka ba ni, na'urar sanyi ba ta tsayawa, taga kuma gilashinta ba a ganin waje. A Jos in ka yi baƙo daga nesa, kafin ya ajiye jaka maƙwabta sun cika falo. Can kwana uku na yi ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. Na tambayi Nura sunan mutumin da ke ƙofar da ke kallon tasu, ya ce shekara huɗu ke nan a masallaci kawai suke gaisawa. Ba dakali, ba mai shayi a bakin titi da za ka zauna, kowa daga mota sai gida. Jikata Amal tana jin Hausa sarai amma da Larabci take mayar mini. In na ce zo nan kishiyar kakarki, sai ta dubi uwarta a fassara mata wasan.

Abinci kam ba laifi. Da safe Nura yakan sayo wake da aka dama da man zaitun, suna kiransa ful, da wani faffaɗan burodi mai zafi daga tanderun wani mutumin Afganistan. Da rana kabsa, shinkafa da naman rago a babban faranti. Daɗi gare ta, amma a kwana na huɗu na ce wa Rakiya in ba ta tuƙa mini tuwo ba, zan koma gida a ƙasa. Ta yi dariya ta ciro kukar da ta ɓoye a firji. Abin da ban saba da shi ba shi ne rufe shaguna lokacin salla. Ran nan ina gwada takalmi a wani kanti aka kira la'asar, mai kanti ya kashe fitila ya ce yalla yalla, ya turo ni waje ya ja ƙofa. Haka na je masallaci, ƙafa ɗaya sabon takalmi, ɗaya tsoho.

Ranar Asabar da hantsi Nura ya kai ni Aziziya, inda babbar kasuwar kayan miya da 'ya'yan itace take. Na yi ta kiran lambar, wata murya ta ce mu zo layin tumatir. Na hango wani dattijo siriri mai farin gemu yana ɗaure kwalaye a bayan wata 'yar ƙaramar motar kaya da suke kira dabbab. Na wuce shi. Sai na ji daga baya an ce, "Dogo, kai ne ka tsufa haka?"

Ba wanda ya kira ni Dogo tun rasuwar mahaifiyata. Na juyo muka rungume juna a tsakiyar hanya, masu turin kaya suna ta ihu mu kauce.

Ya ja ni ɗakinsa, a saman wani sito, shi da wasu mutum biyu da suka fita aiki. Katifa uku, da risho, da carbi a rataye. Ya dafa shayi. Hausarsa ta cakuɗe da Larabci, kowace magana sai ya ce yani, ko halas. Ya fara tambayar mutane ɗaya bayan ɗaya. Mai gangar da kan taya mu kiɗa? Ya rasu. Manajan otal? Ya rasu. Otal ɗin fa? Na ce gidan mai ne yanzu. Ya ci gaba da juya cokali. Ni kuwa idona yana ta yawo a ɗakin, bayan ƙofa, saman akwati, ƙarƙashin katifa.

"Daina dubawa, Dogo," ya ce. "Ba ta nan."

Ya ba ni labari ba tare da na tambaya ba. Farkon zuwansa direban wani gida ne. Uwargidan ta ga jitar a ɗakinsa ta ce kada ta ƙara kwana a gidan, sai ya mayar da ita but ɗin mota. In ya kai iyalin gidan shaƙatawa bayan gari, yakan ja motar nesa ya kaɗa shi kaɗai a hamada. Haka ya yi shekaru. Sai matarsa Lami, wadda ya bari a Jos, ta kwanta ciwo. Fasfonsa yana hannun kafilinsa, wato mutumin da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, shi kuma ya yi tafiya waje. Kafin ya dawo ya sa hannu, an binne Lami da kwana tara.

"Ranar da aka bugo mini waya cewa ta rasu, jitar tana hannuna," ya ce. "Ina kiɗa, matata tana ƙasa. Na kai jitar haraj, kasuwar gwanjo, na sayar wa wani ɗan Filifin, ko ciniki ban yi ba. Na rantse da Allah hannuna ba zai ƙara taɓa jita ba. Kunyar faɗa maka ce ta hana ni rubutu. Taka ce kamar yadda take tawa."

Na ce masa ba komai. A raina kuwa akwai komai, amma ba fushi ba ne. Sannan ya gaya mini ɗayar maganar. Tsohon kafilin ya rasu, 'ya'yansa sun ce ya tsufa, ba za su sabunta masa iƙama ba, wato takardar zama. Bayan Babbar Salla za ta ƙare. Yana ta neman wanda zai karɓe shi. Na ce ya taho gida, shagona ya ishe mu mu biyu. Ya ce, "Wa zai gane ni a Jos? Kai ma wuce ni ka yi."

Haraj kasuwar gwanjo ce a kudancin gari, kuma dama na yi niyyar zuwa saboda sana'a. Baƙin ma'aikata in za su koma ƙasashensu can suke zubar da kaya. Mun je da Nura ranar Juma'a bayan la'asar. Ba a baje jita a fili, sai ka tambaya a hankali, mai kaya ya ɗaga tamfol ko ya janye firji. Yawancinsu sun lalace, don iskar Riyad ba ruwa a cikinta ko kaɗan, tana tsotse katako har ya tsage. Ni dai yadda na saba nake yi. In sa hanci a ramin in shaƙa, don tsohon katako ƙanshinsa daban. In ɗaga ta in saita ido a wuyanta kamar mai auna bindiga. In ƙwanƙwasa fuskarta da ɗan yatsa in saurara. Wani Basudane ya rantse mini tasa ta girme ni, na zura madubi na nuna masa gam ɗin da ko bushewa bai gama yi ba, ya yi dariya ya ce in zo mu haɗa jari. Na samu biyu masu kyau ƙirar Japan, na saya.

'Yan Filifin kuwa da yawa suke a wurin, na bi su ɗaya ɗaya da ɗan Turancina. Na biyar wani mai gyaran rediyo ne, gashinsa ya yi fari. Da na ce jita mai facin ƙwarya a gefe, bai gane ƙwarya ba, sai da na zana masa a kwali. Ya buga cinya ya ce shi ne ya saya, kuma bai taɓa ganin faci irin wannan ba, ya daɗe yana son sanin wane mahaukaci ne ya yi shi. Na ce ga mahaukacin a gabanka. Ya ce ya sayar da ita tuntuni ga wani dattijo mai shagon kayan tarihi a Dira, ana ce masa Abu Fahad.

Dira tsohon gari ne, lunguna ƙanana, shagunan turare da darduma, ga tsohuwar ganuwar ƙasa a tsaye. Nan kaɗai na ji kamar ina kasuwar Kurmi ta Kano. Shagon Abu Fahad cike yake da tsofaffin butocin gahawa da takubba da ƙyauren ƙofofi. Dattijo ne mai sanda, Turancinsa ya fi nawa nesa, don a Amurka ya yi karatu yana saurayi. Bai bar ni na faɗi abin da ya kawo ni ba sai da aka kawo gahawa da dabino. Ɗan ƙaramin kofi ne, ina shanyewa in miƙa, a sake zubawa. Na sha bakwai, zuciyata ta fara bugawa kamar kalangu. Nura ya raɗa mini cewa sai na girgiza kofin sannan za a daina. Abu Fahad ya yi dariya har da tari.

Da na ambaci ƙwarya ya daina dariya. Ya dube ni da kyau, ya tashi ya ce in biyo shi. Muka hau wani matsattsen bene. Ɗaki ne ba taga, an jera kwanonin ruwa a ƙasa saboda bushewar iska, jitoci kusan ashirin a jingine. Ya ce ta farkon da ita ya dawo daga karatu, da zamani ya juya ya ɓoye ta a nan, sauran kuma ya yi ta tsintowa don kada su mutu a rana. 'Ya'yansa ma sai kwanan nan suka san da ɗakin.

Ban jira ya nuna mini ba. Tana can kusurwa. Fuskarta ta yi duhu kamar zuma, inda hannun Tanko yake gogawa ya koɗe, ƙwaryata tana nan daram. Na sa hanci a ramin. Na tsaya haka na ɗan lokaci, don ba na son su ga idona.

Na shekara talatin ina ciniki, na san ba a nuna wa mai kaya ana so. Ranar na manta duk wannan. Na ce ya faɗi abin da yake so, na ce zan haɗa masa da biyun da na saya, na ce zan gyara masa duk na ɗakin kyauta. Ya girgiza kai. Ya ce duk sauran na sayarwa ne in ciniki ya yi, ban da wannan, ita ce mai murya a cikinsu. Sai ya tambaye ni wa ya koɗar da fuskarta haka, don wannan ba hannun ɗan koyo ba ne. Na ba shi labarin Tanko. Ya ce in kawo shi.

Tanko ya ƙi. Na yi kwana uku ina kira. A ƙarshe ya ce zai kai ni a dabbab ɗinsa tunda Nura yana wurin aiki, amma shi a mota zai jira. Mun isa bayan la'asar. Abu Fahad da ya ji mutumin yana waje, ya dogara sandarsa ya fita da kansa, ya kama ƙofar motar ya ce ba a taɓa barin baƙo a rana a ƙofarsa ba, kuma ba za a fara yau ba. Tanko ya san al'adarsu fiye da ni, ya san ba a musu. Ya fito.

A saman benen ya zauna bakin ƙofa, ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya kafa ido a kwanon ruwa. Abu Fahad ya miƙa masa jitar. Tanko ya ce da Larabci ya yi rantsuwa. Dattijon bai matsa ba, ya miƙo mini.

Na sa mata sabuwar tsirkiya daga cikin waɗanda na zo da su, na ɗaure, na saita. Akwai wani kiɗa da Tanko ya ƙirƙira lokacin yana neman auren Lami, ba waƙa a cikinsa, jita ce zalla. Shekara da shekaru ina gwada shi a shago in ba kowa, ban taɓa samunsa daidai ba. Shi na fara. Na wuce gaɓar farko, na shiga ta biyu.

"Ba haka ba ne."

Bai ɗago kai ba ya faɗa. Na tsaya.

"Ka sauko da ɗan yatsanka gida ɗaya. Kuma sauri kake yi, wa yake korarka?"

Na sauko, na sake.

"Babban yatsa, Dogo. Bar shi ya yi ta tafiya shi kaɗai, kada ya jira sauran. Haba, shekara nawa ina gaya maka?"

Ya matso. Ya zauna gab da ni har gwiwarmu tana haɗuwa, hannuwansa a bayansa kamar wanda aka ɗaure. Yana faɗa ina yi. Inda baki ya kasa bayani sai ya yi sautin da hanci, ko ya buga ƙafa a ƙasa. Sau ɗaya hannunsa ya fito har ya kusa wuyan jitar, ya kama hannun rigata a maimakonta ya ja yatsuna zuwa wurin. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Daga ƙarshe na kaɗa shi tun daga farko har ƙarshe bai tsayar da ni ba, kuma abin da ya fito ba nawa ba ne. Na ji lambun otal ɗin, na ji sanyin Jos, na ga Lami zaune a teburin baya da kwalbar lemo tana yi kamar ba ta san don ita ake yi ba. Da na gama, Tanko ya ja hularsa ya rufe fuska.

Abu Fahad ya matso kusa da ni. Sannan ya karɓi jitar daga hannuna, ya sa ta a akwatinta, ya tura gaban Tanko. Ya ce kyauta ce, ba ciniki, mai ita ya zo.

Zuciyata ta yi tsalle. Tanko ya dubi akwatin, ya yi godiya irin tasu mai tsawo, ya ce a bar ta inda take. Ya ce ɗakinsa zafi ne, za ta tsage cikin wata guda, nan kuwa ana ba ta ruwa. Dattijon ya yi ta roƙo, ya ƙi. Aka kira magariba muka sauko.

A mota ban iya haƙuri ba. Na ce, "Tanko, da ka karɓa ka ba ni mana. Ba kai ka ce tawa ce kamar yadda take taka ba?"

Ya yi ta tuƙi har muka wuce danja biyu. Sannan ya ce, "In ka tafi da ita, me ya rage mini a garin nan? Shekara goma sha ban san inda take ba. Yanzu na sani. In na kawo kaya Dira zan bi ta ƙofar."



Sauran kwanakin mun je Umara da su Rakiya, wannan labari ne na daban. Ranar da zan taso Tanko bai zo filin jirgi ba, yana da lodin kankana. Ya aiko mini da kwalin dabino ta hannun Nura. Jitocin Japan ɗin nan biyu, ɗaya ta iso lafiya, ɗaya kuwa ma'aikatan kaya suka karya mata wuya a hanya, na ɗora ta da gam, ga ta nan rataye har yanzu ba mai saye.

Tun da na dawo Tanko yakan kira ni duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Bai samu sabon kafili ba, kuma in na tayar da maganar tahowa sai ya sauya zance. Ni dai na kwashe tarkacen ɗakin bayan shago na sa an shafe shi da farar ƙasa, ban gaya masa ba. Juma'ar da ta wuce, muna cikin hira ya ce, "Akwai jita kusa da kai?" Na ce a shagon jita nake. Ya ce in ajiye wayar a benci in kaɗa masa. Na sauko da mai karyayyen wuyan na kaɗa, masu wucewa suna leƙe. Da na gama na ɗauki wayar, ina jin hayaniyar kasuwa a bayansa.

"Gaɓa ta uku ka sake ɓata ta," ya ce. "Ta waya ba zai yiwu ba. Bari sai na zo."

Na riƙe wayar a kunne na yi shiru, kada in yi magana ya janye.